Tsuntsaye Goma Sha Bakwai a Teburin Aji Huɗu

Har yau in na ga ɗan tsuntsu ya sauka a kan fure, sai safiyar Larabar nan ta dawo mini, ta mako na tara da fara gwajin koyarwata a wata makarantar firamare da ke Abbare, a Jalingo. Ban manta da ita ba, ba na kuma jin zan manta. Na rubuta wannan ne saboda ƙannena na kwaleji da za su fita nasu gwajin bana, tun da ni ba gwanar tsayawa gaban taro in ba da labari ba ce.

Ga wanda bai san tsarin ba: duk mai karatun malanta, kafin a ba shi takardar shaida sai an tura shi wata makaranta ya koyar na zango guda. Mu Tipi muke ce masa. Za a haɗa ka da malamin aji, shi ne ubangidanka a can. Kowane darasi sai ka tsara shi a littafin da muke kira lesin not: manufar darasin, kayan koyarwa, matakan da za ka bi, da tambayoyin da za ka auna yara da su a ƙarshe. Malamin aji ya duba ya sa hannu kafin ka shiga. Sannan wani malami daga kwaleji, wato sufabaiza, zai zo ya zauna a bayan aji da takardar maki, ya kalle ka daga farko har ƙarshe. Wanda ya faɗi Tipi ba a takarda yake gyarawa ba. Sai ya jira shekara ta zagayo ya sake fita tare da ƙannensa, abokan karatunsa kuwa sun yi gaba.

Ni sau biyu aka tsara za a duba ni, na farkon kuma bai yi kyau ba. Sufabaizana Dakta Hamman ne, wani dogon Bafulatani marar yawan magana. Layi biyu ya rubuta mini da jan biro: muryata ba ta kai bencin baya, kuma ban zo da kayan koyarwa ba sai alli. Da zai tafi ya ce, "Malama Zulai, littafinki ya fi na kowa tsabta. Amma ba littafin na zo dubawa ba." Zuwansa na biyu shi ne na ƙarshe, kuma da shi za a san ko na tsallake ko na zauna.

Ubangidana a makarantar shi ne Malam Bitrus, malamin aji huɗu. Ya fi shekara ashirin yana koyarwa, mutum ne mai fara'a da ƙarar murya, ga shi da kirki. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinsa. Makarantar ba ta da hotuna ko taswira, don haka ya ƙirƙiro tasa hanyar. Duk abin da za a karanta gobe, yau zai ce, "A kawo!" In tsiro ne, gobe kowane yaro zai zo da ganyen rogo ko na masara. In ƙasa ce, ajin zai cika da gwangwanayen yashi da laka. Sun taɓa kawo kwaɗi, aka kwashe rabin yini ana kamun su a ƙarƙashin bencuna. A ajinsa "a kawo" na nufin kowa da kowa, wanda ya zo hannu biyu kuma shi ne mai sharar aji na mako. Ni kaina hanyar ta burge ni, don yaransa ba sa manta abin da suka taɓa da hannunsu.

Ranar Litinin wata abokiyar karatuna ta buga mini waya ta ce Dakta zai zagaya makarantun Abbare ran Laraba. Na duba jadawali: Turanci ne a darasi na biyu, kuma abin da ke gabanmu a littafin karatu wani ɗan gajeren bayani ne a kan tsuntsun da ake kira hummingbird. Ban taɓa ganin sa ba. Na zauna da ƙamus da waya na bi shi ciki da waje, kamar yadda na saba. Na gano ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai dogon baki da ke shan ruwan fure. Yana iya tsayawa cak a iska ba tare da ya sauka ba, yana ma iya tashi da baya. Fukafukansa na kaɗawa da sauri har su yi ƙugi kamar na zuma, daga wannan ƙugin ne ma aka ba shi suna. Na kuma gano a nahiyar Amurka kaɗai ake samun sa. A ƙarshen lesin not ɗin, a wurin da malami ke rubuta wa kansa tuni, na sa: ba a samun wannan tsuntsu a Afirka, kada a haɗa shi da namu mai shan fure. Na ja layi a ƙarƙashi da rula. Ran Talata da safe Malam Bitrus ya karɓi littafin, ya buɗe shafin ƙarshe yana hira da wani malami, ya sa hannu ya miƙo mini.

A ƙarshen darasin Talatar na ce wa yara su karanta shafin a gida. Buba monita, wani baƙin yaro mai wayo da ba ya iya zama wuri ɗaya, ya ɗaga hannu.

"Anti, wane irin tsuntsu ne wannan?"

Kafin in haɗa amsa, Malam Bitrus da ke tsaye a bakin ƙofa ya nuna taga. A bayan ajin akwai shingen furanni jajaye da aka shuka tun da daɗewa, a lokacin kuma ƙarshen damina ne, sun buɗe sosai. Wasu 'yan tsuntsaye masu ƙyalli suna ta shawagi a kansu kamar kullum.

"Kai, Buba, kana da ido kuwa? Ga shi can! Shi ne wannan mai shan fulawa."

Yara suka ruga taga suna ihu. Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, na san ba shi ba ne. Na buɗe baki na rufe. An ja mana kunne a kwaleji cewa kada mu ƙaryata malamin aji a gaban ɗalibansa, ban da haka ma sa'an mahaifina ne. Na ce a raina zan same shi lokacin tara in faɗa masa a keɓe. Da aka fita tara na je ofishin malamai, na tarar da shi a tsakiyar mutane suna cin ƙosai ana dariya. Na tsaya a bakin ƙofa, aka ce, "Malama, bismilla," na ce na gode, na juya. Da aka kusa tashi na nemi izini na wuce Kasuwar Jalingo sayen farin kwali da kala, na bar masa yaran.

Da la'asar ina tsakar gidanmu a Sintali ina zana tsuntsun daga hoton da ke wayata, kakata Iya ta leƙo ta kafaɗata.

"Yau kuma sha-kauci ake zanawa? Karatun naku ya zo ƙarshe ke nan."

Na ce mata ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne na wata ƙasa. Ta ce ita dai sha-kauci ta gani, wanda tun suna yara a Zariya suke gani a kan itatuwa. "Ko loma ɗaya babu a jikinsa," in ji ta, "ado kawai Allah ya yi masa." Na rubuta sunan a bayan kwalin don kada ya ɓace mini. Na ce gobe in na zo wurin a darasi sai in gyara maganar a hankali, yadda ba wanda zai ji kunya. Da wannan na kwantar da hankalina.

Ran Laraba na isa da wuri, kwalina a naɗe a hammata. Bayan asambili na bi yara zuwa aji. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Aji huɗu ba sa shiru. Kowa na zaune, hannaye a kan benci, suna ta murmushi suna kallona. Sai na dubi teburin malami.

An jera su layi uku. Kowanne an ɗora shi a kan 'yar takardar da aka yago daga littafi, an rubuta sunan wanda ya kawo, don kada Malam ya sa shi shara. Kore mai ƙyalli, shuɗi, wani ƙirjinsa ja, wani cikinsa ruwan ɗorawa. Ƙafafunsu siraran nan sun lanƙwashe. Wani bakinsa a buɗe, harshensa ya fito kamar zare. Wani babu kai sosai, dutsen danƙo ya tafi da shi. Jini ya ɗiga a kan rajista, kiyashi har sun fara layi daga ƙafar tebur. Ban san lokacin da kwalin ya faɗi daga hammatata ba. Na ƙirga su, don ban san abin da zan yi ba in ba ƙirgar ba. Goma sha bakwai. Biyu daga ciki ma gwara ne, na waɗanda ba su samu ba suka harbo abin da ya samu.

"Anti, mun kawo!" in ji Buba, ajin ya ɗauka da tafi.

Na dafa bango. Jiya warhaka waɗannan suna bayan tagar nan da ransu.

Malam Bitrus ya shigo yana waƙarsa ta coci ƙasa-ƙasa, ya yi turus.

"Yesu! Duka wannan?" Ya juya ga yara. "Ni na ce ku gama da tsuntsun Jalingo?"

"Malam, ka ce a kawo!" suka amsa baki ɗaya.

A nan na ji abin da ya faru bayan tafiyata. Ya gaya musu babban malami zai zo ba Antinsu maki, in ta faɗi sai ta maimaita shekara. Ya tambaye su ko suna so ta faɗi, suka ce a'a. Ya ce to, a kawo tsuntsun. A ransa guda ɗaya yake nufi. Ya manta da abin da shi da kansa ya koya musu tun tuni.

Muna cikin haka muka ji tsayuwar mota a bakin ofishin hedimasta. Malam Bitrus ya leƙa, ya dawo da sauri. Ya jawo kwalin da muke ajiye alli, ya share tsuntsayen ciki da gefen hannunsa, takardun suna da duka, ya tura ƙarƙashin tebur. Ya bar guda ɗaya, mafi kyau, wanda ko ɗigon jini babu a jikinsa. Ya goge rajista da dasta.

"Malama, tsaya da kyau," ya ce da ni a hankali. "Abin da ya faru ya faru. Ga abu na gaske a hannu, wannan ya fi hoto maki. Dakta shanu ya sani, bai san tsuntsu ba. Ka nuna, ka wuce."

Don Allah yake faɗa, ina gani a fuskarsa. So yake in ci.

Dakta Hamman ya yi sallama, yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya karɓi lesin not ɗina ya wuce bencin ƙarshe, ya zauna gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Malam Bitrus ya koma bakin ƙofa.

Na fara kamar yadda na tsara. Na rubuta kwanan wata da kan darasi a allo, na danna har allin ya karye. Na karanta sakin layi na farko, suka maimaita. Mataki na biyu a littafina shi ne nuna kayan koyarwa. Na miƙa hannu, maimakon kwalin zanen da ke ƙasa, sai na ɗauki tsuntsun. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki audugar kunne. Ya yi sanyi. Na ɗaga shi sama, na tambaye su da Turanci mene ne wannan.

"Hummingbird!" Ajin ya amsa har kwanon rufi ya ɗauka.

Na ga Dakta ya ɗaga kai, ya dubi hannuna, ya sunkuya yana rubutu. Malam Bitrus ya ɗaga mini babban yatsa. Abin da ya rage kawai in ce "madalla" in wuce mataki na uku.

Sai wani ɗan kuka siriri ya fito daga benci na biyu, tsit, tsit. Naomi, wata 'yar shiru-shiru irina, ta danne jakarta da hannu biyu tana zare ido. Jakar na motsi.

"Naomi, mene ne a ciki?"

"Anti, nawa ne. Bai mutu ba. Ya shiga ɗakinmu ya rasa hanya, na rufe shi da kwando." Ta fito da shi, an ɗaure ƙafarsa da zaren ɗinki, ƙirjinsa na bugawa ana gani daga inda nake. "In kashe shi in kawo tebur?"

Da zuciya ɗaya ta yi tambayar. Jira take in ce e ko a'a.

Ban san daga ina muryar ta zo ba. Yara sun ce har aji biyar an ji ni. "A'a! Kada ki taɓa shi!"

Na ajiye na hannuna. Na sunkuya na jawo kwalin nan daga ƙarƙashin tebur na ɗora a sama, na buɗe. Na ji Malam Bitrus ya ce "Wayyo" a bakin ƙofa. Dakta ya miƙe tsaye, ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya koma ya zauna. Na bar Turanci na koma Hausa, duk da na san a darasin Turanci wannan ma rage maki ne.

"Ku saurare ni. Wannan ba hummingbird ba ne. Babu ko ɗaya a cikin kwalin nan. Babu shi a Jalingo, babu shi a Najeriya, babu shi a Afirka gaba ɗaya. Wannan namu ne, sunansa sha-kauci."

Buba ya miƙe ba tare da ya ɗaga hannu ba.

"Amma Anti, Malam ya ce shi ne."

Idanu arba'in da wani abu suka koma bakin ƙofa. Ban iya kallon wurin ba.

"Sun yi kama ƙwarai, kowa zai iya ɗauka shi ne," na ce. "Amma ni na san ba shi ba ne tun shekaranjiya. Jiya da kuka tambaya ina nan tsaye, na yi shiru. Laifina ne."

"Anti, har lambun bakin kogi na je fa," in ji Buba. "Biyar na harbo, na ba waɗanda ba su da danƙo. Don kada ki faɗi ne."

Wannan maganar ta fi kwalin tsuntsayen dukana. Na juya ga allo kamar ina neman dasta, har sai da idona ya washe.

Saura minti ashirin, kuma tsarin da na rubuta ya riga ya watse. Na ɗauko zanena daga ƙasa na manna a allo. Na ce Naomi ta zo da nata gaba, a tafin hannu, su kwatanta da kansu. Suka ce na zanen bakinsa a miƙe yake, namu ya lanƙwasa. Na ce su rufe baki su yi ƙugi ta hanci, ajin ya ɗauka kamar an taɓa amyar zuma. Na ce to wannan ƙugin shi ne rabin farko na sunan a Turanci, rabin na biyu kuma tsuntsu, kuma ba da baki yake yin sa ba, da fukafukai ne. Na gaya musu wancan a iska yake tsayawa ya sha fure, namu kuwa yawanci sai ya sami reshe ya dafe. Na ce su zo taga su gani da idonsu yadda namu ke yi.

Suka taru a taga. Furannin na nan jajaye, rana ta hau kansu. Babu tsuntsu ko ɗaya. Muka tsaya muna jira, ni da su. Wata yarinya ta waiwaya ta dubi kwalin da ke kan tebur, ta fashe da kuka.

Na sa Buba ya kawo rezar fiƙe fensir, shi na ba ya yanke zaren ƙafar na Naomi. Da hannun nan nasa da ba ya kuskuren harbi ya yanke shi a hankali. Muka ajiye tsuntsun a bakin taga. Ya daɗe a kwance baki buɗe, har na fid da rai. Can ya girgije, ya tashi. Bai sauka a shingen ba, ya wuce can bayan katanga.

Abin da na samu na yi daga tsarina na asali shi ne jimla ɗaya. Na ce masu Turanci kan kwatanta mutumin da ba ya zama wuri ɗaya da wannan tsuntsu, na ce wa zai ba ni misali. Rabin ajin suka nuna Buba. Shi ma sai da ya yi dariya yana share hanci. Ƙararrawa ta kaɗa ban yi tambayoyin ƙarshe ba, ban ba da aikin gida ba.

Ƙa'ida ce bayan darasi sufabaiza ya zauna da ɗalibi da malamin aji ya faɗi abin da ya gani. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro muka zauna, don ofis ya cika. Dakta ya buɗe lesin not ɗina a shafin ƙarshe ya juyo mana da shi. Ya ɗora yatsa a kan layin da na ja wa rula.

"Malama Zulai, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Yaushe?"

"Ran Litinin."

"Hannunki ya faɗa ran Litinin. Me ya hana bakinki faɗa ran Talata?"

Na sunkuyar da kai. Ya gangara da yatsan ƙasa kaɗan, inda sa hannu yake.

"Malam Bitrus, wannan fa?"

Malam Bitrus ya karɓi littafin ya karanta layin, leɓɓansa na motsi. Ya cire hularsa ya shafa kai. "Dakta, hannuna ne. Ban karanta ba. Kuma ni na ce yara su kawo. Yarinyar nan kunya ne kawai ya kama shi, kada ka kashe masa shekara."

"Kunyar ta kashe goma sha bakwai, na ƙirga," in ji Dakta. Ya rufe littafin. "Tun kafin ki ɗaga tsuntsun nan na karanta wannan layin. Da kika ɗaga shi suka faɗi sunan, na rubuta abin da zan rubuta. Da kin wuce a haka, da na bar ki kin gama lafiya, in yi miki sannu, mu haɗu baɗi."

Ashe rubutun da na ga yana yi, har Malam Bitrus na ɗaga mini yatsa, faɗuwata ce ake rubutawa.

"Kayan koyarwa ba ki da komai, ba na ba gawa maki. Kin bar harshen darasi. Ba ki auna yara ba. Lokaci ya ƙwace miki." Ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. "Amma yau na ji muryarki a bencin baya."

Bai faɗi makin ba, ba a faɗa. Ya shiga mota ya tafi.

Lokacin tara Malam Bitrus ya ɗauko fartanya a ofis ya haƙa rami a gindin shingen. Wani yaro ya tambaya ko ba za a gasa ba, ya ce in ya sake jin wannan maganar shi za a fara gasawa. Yara suka zuba ƙasa. Ranar da washegari bai yi mini magana ba in ban da gaisuwa, ni kuma na ɗauka shi ke nan, na ɓata da mutumin da ya riƙe ni kamar 'yarsa. Ran Juma'a na kai masa lesin not na mako mai zuwa. Ya sa tabarau, abin da ban taɓa gani ba, ya zauna da shi kusan rabin awa ina tsaye. Can ya buga tebur.

"Yawwa! Na kama ka! Shafi na uku, bakwai sau takwas ba hamsin da huɗu ba ne. Malama mai rula!"

Ya yi gaskiya, na yi kuskure. Ya yi ta dariya har da hawaye, ya kira malamai biyu su gani, sannan ya sa hannu. Ban taɓa jin daɗin kuskurena irin na ranar ba.

Sakamako bai fito ba sai bayan mun koma kwaleji. Makonnin nan ban ji daɗinsu ba, ko Iya ta lura na rage ci. Ranar da aka manna shi a allon sanarwa na jira har mutane suka ragu, na bi lambata da yatsa. Na ci, da maki mafi ƙanƙanta da ake tsallakewa da shi. Shi ne mafi muni a duk takardata, kuma zai bi ni duk inda na kai ta neman aiki. In an tambaye ni dalili zan faɗa.

Abin da nake so ƙannena su riƙe ke nan. A kwaleji ana koya mana mu ji tsoron faɗin abin da ba daidai ba a gaban yara. Ba wanda ya gaya mini cewa shirun malami ma darasi ne, kuma yara na ɗaukar sa su tafi da shi gida. Girmama na gaba wajibi ne, amma akwai hanyoyi da yawa na ce wa babba "Malam, duba nan" ba tare da an kunyata shi ba, kuma duk cikinsu babu tsayawa a bakin ƙofa a juya. Yaran nan kuma ba mugunta ce ta kai su bakin kogi ba. In suna son ka, abin da ka furta ko ka bari aka furta a gabanka za su aikata shi fiye da yadda ka zata.

Har na gama zangon tsuntsu bai dawo shingen nan ba, kullum sai na duba. A makonnin da suka rage na ɗauki wata al'ada da nake jin zan mutu da ita. In an kusa tashi sai in tsaya a bakin ƙofa in tare hanya, in ɗaga murya yadda na bencin baya zai ji.

"Me na ce ku kawo gobe?"

"Ba komai, Anti!"

Sai na ji haka nake matsawa su wuce.